Labarin Gatsbi: Kafin Ka Sha Wahala, Ka San Abin Da Kake Yi Wa

 

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, malamaina, iyayena maza da mata, 'yan'uwana 'yan kasuwa, da ku 'ya'yanmu samari da 'yanmata, ina yi wa kowa barka da zuwa.

Da sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi magana yau, na san da yawa sun zaci zancen ciniki zan yi, ko na adashi. To, ba can na nufa ba. Labarin wani littafi na Amurka na zo muku da shi. Wani zai ce, me ya haɗa Alhaji da littafin Turawa? Gaskiya ne, karatuna na allo ne da Islamiyya, Turancina kuwa iyakarsa kasuwa. Abin da ya faru shi ne, 'yata da ke karatun Turanci a jami'a ta zo hutu da wani ɗan littafi, kullum yana hannunta. Na ce ta ba ni labarinsa. Sai muka mai da shi hirar bayan isha'i, tana karantawa tana fassara mini, har muka gama babi tara ɗin da ke ciki. Tun daga lokacin labarin bai bar kaina ba, har na sa ta bincika mini tarihin wanda ya rubuta shi.

Sunan littafin The Great Gatsby, wato Gatsbi Babban Mutum. Wanda ya rubuta shi F. Scott Fitzgerald, kuma ya fito a watan Afrilu na 1925. Labari ne ƙirƙirarre, amma zamanin da ya siffanta na gaske ne, saboda haka bari in fara da zamanin.

Abin ya faru ne a 1922, shekara huɗu bayan Yaƙin Duniya na Farko. Amurka ta fito daga yaƙin da ƙarfinta, kuɗi na yawo, motoci sun cika titi, kowa na sayen hannun jari. A 1920 kuma gwamnati ta kafa dokar hana yin giya da sayar da ita, dokar da ba a soke ba sai 1933. Mutane ba su daina sha ba, sai cinikin ya koma bayan fage, 'yan fasa-ƙwauri suka yi kuɗi na fitar hankali cikin ɗan lokaci. Ban da wannan, Amurkawa na da wata tsohuwar aƙida, cewa a ƙasarsu ba a tambayar ɗan wane ne kai, in ka yi himma za ka kai inda kake so. Benjamin Franklin, wanda hotonsa ke jikin takardar dala ɗari, ya rubuta tarihin kansa, yadda ya tashi daga yaron maɗaba'a ya zama babban mutum ta hanyar tsara lokaci da tattali. Wani marubuci kuma, Horatio Alger, ya yi littattafai masu yawa a kan yaran talakawa da suka yi arziki da gaskiya da ƙwazo. Da irin wannan tarbiyya aka reni Gatsbi.

Mai ba da labarin wani saurayi ne, Nik, ɗan tsakiyar ƙasa, wanda ya zo Niyok koyon cinikin takardun bashi na kamfanoni. Ya kama hayar ɗan ƙaramin gida a bakin teku, dala 80 a wata, a tsibirin Long Island. Unguwa biyu ce a wurin, ruwa ya raba su. Ɗaya ta masu tsohon arziki na gado, ɗaya ta sababbin masu kuɗi. A ta 'yan gado akwai 'yar'uwar Nik mai suna Dezi da mijinta Tom, ɗan wani gidan attajirai na Shikago. A ta sababbin masu kuɗi, jikin gidan Nik, akwai wani katafaren gida, shi ne na Gatsbi.

Duk ƙarshen mako gidan nan cike yake. Makaɗa, abinci, fitilu, motoci har bakin titi. Ɗaruruwan mutane na zuwa, yawancinsu ba a gayyace su ba, wasu ma har su tafi ba su ga mai gidan ba. Suna cin abincinsa suna gulmarsa. Wannan ya ce ya taɓa kashe mutum, wancan ya ce ɗan leƙen asirin Jamus ne. Shi kuwa ba ya sha tare da su, ba ya shiga rawa, yana gefe yana kallo. Wani dare Nik ya hange shi tsaye shi kaɗai a bakin ruwa, ya miƙa hannuwa wajen wata koriyar fitila da ke can tsallake. Daga baya ya gane fitilar ta bakin ruwan gidan Dezi ce.

To, wane ne Gatsbi? Sunansa na yanka James Gatz, ɗan wasu manoma matalauta a jihar Dakota ta Arewa. Yana ɗan shekara 17 ya canza sunansa, ya bi wani tsohon attajiri mai jirgin ruwa, ya yi masa hidima shekara biyar. Da tsohon ya mutu ya bar masa dala 25,000, amma wata mata ta bi ta hanyar shari'a ta cinye, ko sisi bai gani ba. A 1917 yana ƙaramin hafsan soja aka kai shi sansani kusa da garin Louisville, a nan ya haɗu da Dezi, 'yar masu hali, tana da shekara 18. Kakin soja ya rufa masa asiri, domin a cikin kaki ba a gane ɗan talaka da ɗan mai kuɗi. Ya bar ta a kan zaton cewa shi ma ɗan gidan wadata ne. Suka so juna, aka tafi da shi yaƙi Faransa.

Dezi ta jira, ta gaji. A 1919 ta auri Tom, wanda ya ba ta sarƙar lu'ulu'u ta dala 350,000. Ana gobe ɗaurin aure wasiƙa ta zo mata, ta yi ta kuka har ta ce a mayar da sarƙar. Aka lallashe ta, washegari aka ɗaura aure. Gatsbi ya dawo daga yaƙi ba shi da ko kuɗin abinci, sai kakin da ke jikinsa. A nan ya yanke shawarar da ta zama ajalinsa. Ya ce a ransa kuɗi ne ya raba su, saboda haka kuɗi ne zai dawo da ita. Ya shiga hannun wani ɗan caca mai suna Wolfsheim, suka riƙa sayar da giya a ɓoye ta kantunan magani, da wasu harkoki na takardun sata. Cikin shekara uku ya sayi gidan nan, don kawai yana kallon gidan Dezi. Duk shagalin da yake shiryawa, fatansa wata rana ta biyo jama'a ta shigo.

Ba ta zo ba, sai ya roƙi Nik ya gayyace ta shan shayi. Suka haɗu bayan kusan shekara biyar. Ya zagaya da ita gidansa ɗaki ɗaki, ya buɗe durowa ya riƙa watso rigunan da ake sayo masa daga Ingila, har Dezi ta kifa kai cikinsu ta fashe da kuka. Jama'a, ku riƙe wannan wurin. Ba don shekara biyar da ya yi yana wahala ta ce take kuka ba, kyan rigunan ta ambata.

Gatsbi bai tsaya ga haɗuwa ba. So yake Dezi ta dubi mijinta ta ce ba ta taɓa sonsa ba, a share shekarun nan kamar ba a yi su ba, su koma Louisville a ɗaura aure daga gidan iyayenta. Nik ya gargaɗe shi cewa abin da ya wuce ba ya dawowa, ya ƙi ji. Ran nan, ana tsananin zafi, suka haɗu duka a wani ɗaki na otal ɗin Plaza a Niyok. Tom ya riga ya yi bincike, sai ya tona asirin inda kuɗin Gatsbi ya fito. Dezi ta tsorata, ta kasa faɗin abin da yake so ta faɗa, domin ta taɓa son mijinta, ga kuma 'yarsu tsakani.

A hanyar komawa, Dezi ce ke tuƙa motar Gatsbi. Suka biyo ta wata unguwar talakawa inda ake zubar da tokar birni, ta buge wata mata ta mutu nan take, ba ta tsaya ba. Matar nan, Myrtle, matar wani bakanike ce mai gareji, kuma ita ce farkar Tom. Gatsbi ya ce shi zai ɗauki laifin. Ya kwana tsaye a waje yana gadin tagar Dezi don kada mijinta ya taɓa ta, alhali su biyun suna ciki a teburi suna shirya yadda za su fita. Da bakaniken ya zo nema, Tom ya faɗa masa mai motar. Ya tafi ya sami Gatsbi a tafkin wanka na gidansa, yana jiran wayar Dezi, ya harbe shi, ya harbe kansa.

Hausawa sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Nik ya yi ta buga waya yana neman masu zuwa jana'iza. Dezi da Tom sun kwashe kaya sun bar gari, ba saƙo, ba ta'aziyya. Wolfsheim ya ce ba ya son shiga rigima. Wani da ya daɗe yana zaune a gidan kyauta ya bugo waya, Nik ya zaci zuwa zai yi, ashe takalman wasansa da ya manta yake so a aika masa. A maƙabarta, ana ruwan sama, daga Nik sai tsohon uban Gatsbi, da limamin coci, da 'yan barori, da mai kai wasiƙa, da mutum ɗaya tak daga cikin ɗaruruwan masu cin abincinsa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne tsohon. Ya ga labarin a jarida ya taho daga ƙauye. Ya fito da wani tsohon littafi na ɗansa, a bayansa yaron ya rubuta tsarin ranarsa a 1906: tashi ƙarfe shida, motsa jiki, karatu, aiki, koyon iya magana. A ƙasa kuma ya yi wa kansa alkawura, zai bar taba, zai riƙa karanta abu mai amfani duk mako, zai riƙa ajiye dala biyar, sai ya soke ya mai da ita uku, zai kuma kyautata wa iyayensa. Wallahi duk uban da ya ga wannan a littafin ɗansa sai ya ji daɗi. Kun ga ke nan ba lalataccen yaro ba ne. Ɗalibin Franklin ne na sosai. To, ina aka samu matsala?

Kada wani ya ce Alhaji ya zo yabon mai neman matar aure da mai sayar da giya. Waɗannan haramun ne, mun sani, kuma shi kansa Nik ya ce bai yarda da halin Gatsbi ba daga farko har ƙarshe. Amma in muka tsaya nan kawai, mun rasa abin da littafin ke koyarwa. Domin Nik ɗin nan, a ganinsu na ƙarshe, ya gaya wa Gatsbi cewa ya fi su Tom da Dezi daraja duka an haɗa. Me ya sa? Saboda shi kaɗai ne a cikinsu yake da abin da ya yi imani da shi, yake iya sadaukar da kansa dominsa. Su kuwa sukan fasa abu da mutane, su koma cikin kuɗinsu, su bar wasu da share ɓarna.

Ni ɗan kasuwa ne, da idon kasuwa na kalli abin. Kowa a nan ya san ba a zuba jari duka a kan kayan da aka gani shekara biyar baya ba tare da an sake buɗe buhu ba. Kaya na canzawa, farashi na canzawa. Gatsbi ya ga Dezi wata guda a 1917, ya ɗauki wannan hoton ya ajiye a zuciya, kullum yana ƙara masa ado, har ya zama babu macen da za ta iya cika shi, har ita Dezi ɗin. Ya sayar da sunansa, da iyayensa, da gaskiyarsa, don ya sayi abin da babu shi a kasuwa. Himma yana da ita fiye da kowa. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya zauna ya tambayi kansa, wannan da nake yi wa wahala, wace ce ita a yau, kuma ta cancanci wannan farashi?

Sa'an nan in aka lura, shi kansa bai iya raba son Dezi da son dukiyarta ba. Gidansu ne gida mai kyau na farko da ya taɓa shiga. Shi da bakinsa ya danganta daɗin muryarta da kuɗi. Wato da yarinyar da arzikin gidansu sun haɗe masa sun zama abu ɗaya. Wannan cuta ce mai wuyar ganewa, domin mai ita rantsuwa zai yi maka cewa so yake yi tsakani da Allah, kuma ba ƙarya yake yi ba, shi ma bai sani ba.

Akwai kuma abin da littafin ke faɗa wa Amurkawa game da aƙidarsu. An ce kowa zai iya hawa, amma Gatsbi ya hau ya tarar da ƙofa a rufe. Kuɗinsa ya sayi gida da mota, bai sayi asali ba. Tom da irinsa suna yi wa launin kwat ɗinsa dariya. Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ji Hausawa, kuma su 'yan gadon haka suka riƙe. Ku duba waɗanda suka mutu a labarin: Gatsbi, da Myrtle, da mijinta, duka 'ya'yan talakawa. 'Yan gado ko ƙwarzane ba su samu ba. A wannan shekarar ta 1925 wani marubuci, Theodore Dreiser, ya fitar da An American Tragedy, labarin saurayi talaka da ya yi wa yarinyar masana'anta ciki, sai ya hango 'yar masu kuɗi, ya kai ta farkon tafki ta nutse, aka yanke masa hukuncin kisa. Littafi biyu a shekara ɗaya, ciwo ɗaya suke nunawa.

Shi Fitzgerald ba daga nesa ya hango abin ba, a jikinsa ya ji. An haife shi a 1896 a jihar Minesota. Yana soja a 1918 ya haɗu da Zelda, 'yar wani alƙali a jihar Alabama. Suka yi alkawari, amma a 1919 ta fasa, saboda albashinsa a kamfanin talla ba zai riƙe ta ba. Ya koma gidan iyayensa ya gyara littafinsa na farko. Littafin ya fito a watan Maris na 1920, ya yi kasuwa, bayan mako guda aka ɗaura musu aure. Wato shi ya samu abin da Gatsbi bai samu ba. Amma bai taɓa mantawa ba cewa sai da kuɗi ya zo aka ce to. Suka shiga rayuwar kashe kuɗi da shaye-shaye, bashi ya hau kansa, Zelda ta samu taɓin hankali daga 1930, ta yi ta zaman asibiti. Kasuwar hannun jari ta riga ta rushe a watan Oktoba na 1929, zamanin shagali ya wuce. Ya rasu a 1940 yana da shekara 44, yana ganin littafin nan bai yi nasara ba, don bai saidu sosai ba a rayuwarsa. Sai a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, da aka raba wa sojojin Amurka kwafi wajen 155,000, sunansa ya tashi. Yau ana karanta shi a makarantu ko'ina, an kuma yi fim ɗinsa sau da yawa, har da na 1974 da na 2013.

Me ya sa na kawo wannan labari gaban wannan taro? Saboda Nik ya lura da wani abu a ƙarshe: shi da Gatsbi da Tom da Dezi duk baƙi ne a Niyok, daga can cikin ƙasa suka zo. Labarin 'yan ci-rani ne. Mutumin da ya bar gida neman arziki yana da wata dama da na gida ba shi da ita, yana iya zama duk wanda ya ce shi ne, ba wanda ya san ubansa. Damar nan ita ce kuma haɗarinsa, domin ba mai ce masa kai wane, tsaya. Gatsbi bai da dattijo ko ɗaya da zai zaunar da shi. Nik kaɗai ya gwada, shi ma sa'ansa ne.

Saboda haka ku samari, ba na hana ku buri. Wanda ba shi da buri ba ya barin ƙofar gidansu. Amma duk wanda ya ce ba zai koma ba sai ya yi kuɗin da zai rufe bakin gidan su wance, to ya riƙa sake buɗe buhu. Ya bincika ko abin da ya baro yana nan yadda ya bar shi, ya kuma duba ko hanyar da ya bi ba za ta zama ita ce hujjar da za a ƙi shi da ita ba, kamar yadda aka yi wa Gatsbi a otal ɗin nan. Kada kuma ya ji kunyar tsohonsa, domin ranar da aka watse, tsohon ne ya hau jirgin ƙasa ya zo.

Mu kuma iyaye, kada mu ɗora laifin duka a kan yara. Dezi ba ita kaɗai ta zaɓi sarƙa ba, a gidan da aka rene ta haka ake auna mutum. In yaro mai hankali da sana'a ya zo neman 'yarmu muka auna shi da abin da ke aljihunsa kawai, mun koya masa cewa kuɗi ne mabuɗi, ko ta ina ya zo. Wani zai haƙura, wani kuwa zai tafi ya nemo Wolfsheim ɗinsa.

Da muka rufe littafin, 'yata ta tambaye ni, "Baba, to Gatsbi mutumin kirki ne ko na banza?" Na ce mata ni dai tausayinsa nake ji, kuma da ɗana ne, da na so wani babba ya kama hannunsa tun ranar da ya dawo daga yaƙi ba ko sisi. Wannan aikin kuwa irin na ƙungiya ne kamar tamu.

Nan zan tsaya. Abin da na faɗa daidai, Allah Ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ku yafe mini. Allah Ya ba mu arziki mai albarka, Ya shirya mana zuri'a, Ya mai da kowa gidansa lafiya.